Dare Mahutar Bawa, In Barcin Ya Yarda

A watan Afrilu, ko ƙarfe biyun dare ta yi, Tasawa ba ta yin tsit. Manyan motoci na bin kwaltar da ta taso daga Maradi ta nufi Damagaram, samari na zaune a fada sun kewaye gawayi suna jiran shayi na uku, a cikin gidaje kuwa akwai waɗanda suka kwanta tun bayan Isha'i amma har yanzu idonsu biyu, sai juyi suke kan tabarma suna lissafin abin da ya rage kafin ladan ya kira Asuba. Da safe in an tambaye su yaya aka kwana, "lafiya lau" za su ce, don haka gaisuwa ta gada. Sai rana ta take gaskiya ke fitowa: ɗan kabu-kabu na gyangyaɗi a kan babur, malamin makaranta na faɗa da yara kan abin da bai kai ya kawo ba, uwargida ta zuba gishiri sau biyu a miya.

Rashin barcin dare ɗaya ko biyu ba cuta ba ce. Wanda aka yi wa rasuwa, ko wanda ɗansa ya tafi cirani Aljeriya aka kwana ashirin ba a ji ɗuriyarsa ba, dole barci ya ƙaurace masa. Likitoci ba sa ɗaukar abin a matsayin ciwon da ya zauna sai ya kai dare uku a mako, an yi wata uku ana haka, kuma yana hana mutum sakat da rana. Baligi na buƙatar awa 7 ko fiye a kwana, wanda kuma ya daɗe yana samun ƙasa da haka ya fi saura kusa da hawan jini da ciwon suga.

Abu biyu ke haɗuwa su kawo barci. Tun daga lokacin da mutum ya buɗe ido da safe wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, ɗigo-ɗigo kamar ruwan indararo a randa, kuma yawansa ne ke jawo nauyin ido da daddare. Na biyun shi ne agogon da Allah ya dasa a jiki, wanda hasken rana ke saita shi. Idan duhu ya shiga sai jiki ya fara sakin sinadarin melatonin, alamar dare ya yi. A 2017 aka ba wasu masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke aiki. Ke nan tun da rana ake gyara dare ko a ɓata shi, shi ya sa mai neman barci ya kamata ya fara da tambayar kansa me ya sha da la'asar.

A nan za mu saɓa da ƴan fada. Ganyen shayin da ake kawo mana daga ƙasar Sin, wanda ake tafasawa har ya yi baƙi ya yi ɗaci, cike yake da sinadarin kafin, kuma tafasa ta farko ta fi kowace ƙarfi. Aikin kafin shi ne ya je ya tare gurbin da adenosin ke zama a ƙwaƙwalwa, sai mutum ya daina jin gajiyar da ke jikinsa alhali tana nan. Ba ya kuma fita da wuri: jiki kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa. Wanda ya kurɓi na farko ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu za ta same shi da rabin abin a jininsa. Goro ma haka, Nescafé ɗin teburin mai shayi ma haka, taba kuma na da nata sinadarin mai wartsakar da ido. Dattijon da ya ce goro ba ya hana shi barci yana iya yin gaskiya ta fuska ɗaya, domin zai kwanta ya yi barcin, sai dai barci ne marar nauyi da kukan akuya ke katsewa.

Ba zan ce a bar shayi ba. Duk wanda ya faɗi haka a Mayahi ko Kanambakashe zai tarar shi kaɗai yake magana, kuma fada ta wuce wurin shan shayi, can ake jin labarin aiki da na aure da farashin hatsi. Abin da zai yiwu shi ne mai fama da rashin barci ya mayar da rabonsa zuwa safe da azahar, da dare ya zauna a yi hira da shi ya bar kofin ya wuce. Za a tsokane shi kwana biyu, daga nan a saba.

Sai zafi. Kafin barci ya kama, sai zafin cikin jiki ya sauka da kusan maki ɗaya, jiki kuma ta fata yake fitar da shi, musamman tafin hannu da na ƙafa. A bazara, da rana ta haura maki 40, bango da rufin kwano sun wuni suna shan zafi, da dare su amayar wa mai ɗaki. Masu fanka a birni sun ɗanɗana wannan a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a maido ba sai Maris na 2024. Ƙauyuka da yawa kuwa dama ba su san fankar ba. Dabarun iyayenmu har yanzu su ne masu aiki: a yayyafa wa tsakar gida ruwa da magariba, a watsa ruwa a jiki kafin a kwanta, a jiƙa zane a matse a lulluɓa. Mai kwana waje ya hau gado ko wani abu mai tudu, don lokacin ne kunama ke yawo. Da damina ta sauka, ruwa ya kwanta a tafkuna da kwarin Gulbin Kaba, sai sauro ya karɓi aikin hana barci. Gidan sauron da aka raba domin zazzaɓin cizon sauro maganin barci ne shi ma, in an ɗaura shi a kan shimfiɗa maimakon a kewaye shukar lambu da shi.

Mafi wuyar sha'ani shi ne tunani. Magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa tun kafin a yi shuka, ga bashi, ga bikin ɗiya ya matso, da ya sa haƙarƙarinsa ƙasa lissafi ke tasowa. Babu dabarar da za ta cika masa rumbu, ƙarya ne a ce akwai. Amma akwai tarkon da ke biyo baya wanda shi ana iya kauce masa. Bayan an yi makonni ana juyi, sai mutum ya fara tsoron daren kansa. Yana kwanciya gabansa na faɗuwa, yau ma ko zan samu? Ƙwaƙwalwa kuma ta haddace cewa shimfiɗa wurin fama ce. Shi ya sa za ka ga mutum na gyangyaɗi a zaure ana hira, yana shiga ɗaki idonsa ya bushe. Ko an biya bashin, rashin barcin na iya zama daram.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Bootzin, ya fito da hanyar warware wannan a 1972, har yau kuma tana cikin abin da likitoci ke fara ba da shawara kafin ƙwaya. Kada ka kwanta sai barci ya zo maka da gaske. In ka kwanta aka ɗauki kamar minti 20 bai zo ba, tashi ka bar shimfiɗar. Wanda ke ɗaki ɗaya da iyali ya koma bakin ƙofa ya zauna a duhu, ya ja carbi ko ya yi shiru kawai, sai ido ya yi nauyi ya dawo, ko sau nawa ne. Ban da salula. Haskenta na da nasa laifi, amma saƙonnin murya na WhatsApp da bidiyon TikTok sun fi shi ɓarna, don kowane ɗaya na kiran na gaba. Sannan a tashi lokaci ɗaya kullum, ko an samu barci ko ba a samu ba. Mu wannan ya zo mana da sauƙi, tunda Asuba ba ta sauya wa kowa. Inda ake ɓata lamarin shi ne komawa bayan salla a yi ta barci har hantsi da sunan ramuwa, ko a miƙe bayan La'asar. Ƙailula na da kyau in ba ta kai rabin awa ba kuma an yi ta da azahar. Kwanakin farko na wannan tsari akwai wahala, mutum zai ji kamar abin ƙaruwa yake, a mako na biyu ko na uku ake fara ganin canji.

Da yawa ba sa jira. Mai tallan magani na nan a tasha da ranar kasuwa, ƙwayoyinsa sun wuni a rana, zai ba ka diazepam ba tare da ya tambaye ka komai ba. Tana sa barci, ba musu. Sai dai cikin ƴan makonni jiki ke sabawa, ɗaya ta daina isa, ranar da aka bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Tsoho in ya sha yana iya tashi fitsari jiri ya kwashe shi ya karye. Mafi muni shi ne saurayin da ya sha tramol da safe don ya jure noma ko tuƙi, da dare ya ɗora diazepam don ya sauko: haɗuwar biyun na iya danne numfashi mutum ya wuce cikin barci. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, hakan na iya jawo farfaɗiya. Ya je likita a rage masa sannu a hankali.

Wani rashin barcin kuma ɗan aike ne, ciwon na wani wuri. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa ya farka a firgice, matarsa ce ta fi shi sani, kuma a auna jininsa. Mai tashi fitsari sau huɗu ko biyar a duba suga, in dattijo ne a duba mafitsara. Mai ciki ko mai shayarwa da ke jin ƙafafunta na tsuma da dare, ba ta samun sauƙi sai ta motsa su, sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini, abin da ake ba da ƙwayarsa a wurin awo. Wanda ke farkawa tsakar dare da baƙin ciki, abinci ya fita ransa, ya daina son shiga mutane, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Asibitocin gundumar Tasawa da Mayahi da ƙananan likitocin karkara nan ne wurin fara kai kuka. Ita kuwa matar da ke kwanciya bayan kowa, ta tashi shayarwa sau uku, ta riga zakara tashi don daka da ɗiban ruwa, ba ciwon rashin barci gare ta ba, lokacin barcin ne ba a bar mata ba, kuma maigida ne ke da maganin wannan.

Har dannau, da ake jin kamar wani abu ya hau ƙirji an kasa motsi an kasa ihu, yana da alaƙa da rashin barci. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan saki gaɓoɓi su mutu don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa da ƴan daƙiƙoƙi ko mintoci. Ya fi samun wanda barcinsa ya yi ƙaranci ko ya rikice, da mai kwanciya rigingine. Mai yawan fama da shi ya yi addu'arsa, ya kuma gwada kwanciya ta gefe.