Me ya sa gwanin iyo a dam kan nutse a teku?

Idan hutun Sallah ya haɗe da ƙarshen mako, ɗaliban Kano da ke karatu a Alƙahira kan haɗa kuɗi su nufi bakin teku a Iskandariya. Wanda ya taso a Ɗambatta ko Bagwai, ya koyi iyo a dam ɗin Thomas ko Watari, yakan ɗauka ya gama sanin ruwa.

Sai dai ruwan dam a kwance yake. Teku kuwa yana da igiyar da ke komawa ciki da ƙarfi, tana janye mutum daga gaɓa. A Yulin 2020, mutum 11 sun nutse a gaɓar Al-Nakheel, akasarinsu garin ceton wani yaro.

Wanda igiyar ta ja, kada ya yi kokawa da ita. Ya yi iyo gefe, daura da gaɓa, har ya kuɓuta. Inda aka kafa jar tuta kuwa, ba a shiga.