Sanata Zai Tsaya Ko Ba Zai Tsaya Ba? Darasi Daga Labarin Barack Obama

Gabatarwa

Ina ƙaramin yaro lokacin da Barack Obama ya ci zaɓen shugabancin Amurka a 2008, don haka sai daga baya na karanta yadda abin ya faro. Abin da ya ja hankalina shi ne, kafin ya fito takara an yi wata da watanni ana "wai zai tsaya", "a'a, ba zai tsaya ba". A wannan maƙala zan yi bayanin yadda irin wannan raɗe-raɗi yake tasowa, da amfanin da yake yi wa ɗan siyasa, da kuma yadda mai karatu zai auna shi kafin ya ɗauka.

Yadda Zancen Ya Faro

A watan Yuli na 2004, Obama ya yi jawabi a babban taron jam'iyyar Democrat a birnin Boston. A lokacin ɗan majalisar jihar Illinois ne, amma jawabin ya sa sunansa ya game ƙasar. A watan Nuwamba ya ci kujerar sanata, aka rantsar da shi a Janairun 2005. Sanatocin Amurka 100 ne, kowace jiha tana da biyu, kuma wa'adinsu shekara 6 ne.

A Janairun 2006, a wani shirin gidan talabijin na NBC mai suna Meet the Press, an tambaye shi ko zai nemi shugabanci a 2008. Ya ce a'a, zai cika wa'adinsa a majalisa. Amma a watan Satumba sai ga shi a jihar Iowa, a taron da Sanata Tom Harkin yake shiryawa duk shekara. Iowa kuwa ita ce take buɗe zaɓen fid da gwani a wancan lokaci. A watan Oktoba ya fitar da littafinsa The Audacity of Hope, ya kuma koma wannan shiri na NBC ya amsa cewa lallai yana tunanin abin. A Disamba ya ziyarci New Hampshire, jihar da take bin Iowa. Ranar 16 ga Janairu, 2007 ya kafa kwamitin share fage, sannan ranar 10 ga Fabrairu ya bayyana takararsa a garin Springfield.

Me Ya Sa Ba Su Faɗa Kai Tsaye?

Dalili na farko shi ne doka. A Amurka, duk wanda ya tara ko ya kashe fiye da dala 5,000 da sunan takara, dole ya yi rajista da hukumar zaɓe ta tarayya, ya riƙa bayyana kuɗin da ya samu. Amma dokar ta ba da dama mutum ya fara gwada sa'arsa, ya yi tafiye-tafiye ya ji ra'ayin jama'a, muddin bai ce shi ɗan takara ne ba.

Na biyu, raɗe-raɗi talla ce da ba a biya. Muddin ba a san matsayin mutum ba, 'yan jarida za su yi ta binsa, masu ba da gudummawar kuɗi kuma za su dakata kafin su miƙa wa wani.

Na uku, kare mutunci. Wanda bai ce zai tsaya ba, in ya ga babu nasara sai ya janye salin-alin, ba wanda zai ce ya faɗi.

Amma jinkirin yana da iyaka, domin a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Sanata Hillary Clinton ta bayyana nata kwamitin ranar 20 ga Janairu, 2007, kwana huɗu kacal bayan na Obama.

Ba Kowane Raɗe-raɗi Ne Yake Tabbata Ba

A 2014 da 2015 magoya bayan Sanata Elizabeth Warren ta jihar Massachusetts sun matsa mata ta tsaya a zaɓen 2016. Ta sha musantawa, amma 'yan jarida suka lura cewa takan yi amfani da lokaci mai ci, wato kamar mu ce "ba na takara", maimakon "ba zan yi takara ba". Mu da muke nazarin harshe mun san tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu: ta farko ta rufe ƙofar yau ce kawai, ta biyu ta haɗa da gobe. Duk da haka ba ta tsaya ba a 2016. Sai a zaɓen 2020 ta fito, ta kuma janye a watan Maris na wannan shekara.

Bugu da ƙari, ko sanata ya tsaya, hanyar ba mai sauƙi ba ce. A tarihin Amurka mutum uku ne kawai suka tashi daga kujerar sanata kai tsaye suka zama shugaban ƙasa: Warren Harding a 1920, John Kennedy a 1960, sai Obama a 2008.

Kammalawa

Abin da na koya shi ne, in aka ce wai sanata wane zai tsaya, kada na tsaya ga abin da bakinsa ya faɗa kawai. Zan duba ina yake zuwa, su wa yake gani, ya fara tara kuɗi ko bai fara ba. Obama ya ce a'a a Janairu, amma ƙafarsa ta kai shi Iowa a Satumba. Sannan zan duba wane ne ya kawo labarin, domin "wai" da "majiya ta ce" ba su da mai su. Da yawa daga cikinmu za mu zama masu fassara ko masu karanta labarai a rediyo. Idan muka mayar da "mai yiwuwa ya tsaya" ya koma "zai tsaya", mun yaudari mai sauraro wanda ba shi da wata hanyar bincike sai mu.