Me ya sa ake jira kafin a shafa wa sabon kankare magani?

Jama'ar sansanin Minawao: Mutane da dama sun tare ma'aikatanmu na sashen ruwa da tsafta da tambaya guda: an zuba murfin shadda ko daɓen famfo, ga shi a ido ya bushe, me ya sa aka kewaye shi da igiya aka hana amfani da shi? Wasu har sun ɗauka an manta da aikin ne. Ba a manta ba, ga dalili.

Kankare kamar dutse yake a ido, amma cike yake da ƙananan ƙofofi da ba a gani. Ku ɗiga ruwa cokali ɗaya a kan daɓen da ba a shafa wa komai ba, za ku ga wurin ya yi duhu, ruwan ya nutse. Haka fitsari yake nutsewa a murfin shadda, shi ya sa zarni ba ya fita ko an wanke sau goma. Daɓen da ya zaizaye ya yi kaushi kuma yana riƙe ƙazanta da danshi, ga yaranmu da yawa ba takalmi suke shiga ba, akwai kuwa tsutsar ciki da ta fatar ƙafa take shiga jiki.

Abin da ya fi damunmu shi ne rodin da ke cikin murfin. Idan ruwa da gishirin fitsari suka kai gare shi, sai ya yi tsatsa. Tsatsa tana kumbura ƙarfe, ƙarfen ya tura kankare daga ciki har ya tsage. Murfin da ke kan rami mai zurfi ba abin wasa ba ne.

Maganin da muke shafawa, wanda magina ke kira sila, iri biyu ne. Akwai mai nutsewa cikin kankare ya hana ruwa shiga, ba ya canza kamannin daɓe. Akwai mai kwanciya a sama kamar fenti, yana ƙyalli. Wannan na biyun ya fi kyau a ido, amma yana da santsi idan ya jiƙe, kuma yawan taku yana goge shi. Don haka a bakin famfo, inda mata da yara ke ɗaukar jarka cike da ruwa, mun fi son mai nutsewa.

To, ina jiran ya shigo? Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba. A kwana 7 na farko ana so sabon kankare ya zauna a jiƙe: a lulluɓe shi da buhu ko yashi, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. A zafin bazara ko iskar hunturu ta wannan yanki, kankaren da aka bari a buɗe yakan bushe da wuri, samansa ya riƙa gari kamar ƙura. Gyara wannan daga baya yana da wuya. Mun san ruwa na wahala a nan, kuma ganin ana zuba shi a kan daɓe yana da ciwo, amma ruwan wannan mako shi ne rabin aikin.

Bayan haka sai a bar shi ya kai kwana 28, ya bushe sarai, sannan a share, a shafa magani siriri da buroshi, yawanci sau biyu. Mu kanmu mun taɓa yin gaggawa, muka shafa mai ƙyalli a kan daɓen da bai gama bushewa ba. Danshin da ke ciki ya rasa hanyar fita, maganin ya yi fari, ya riƙa ɓarewa, sai da aka kankare aka sake. Shi ya sa ba ma shafawa idan hadari ya haɗo, kuma muke ƙoƙarin gamawa kafin damina ta kankama a watan Yuni.

Akwai abin da muke roƙo a daina: zuba baƙin mai na inji a kan daɓe da sunan hana ruwa shiga. Yana sa santsi, yana bin ruwa zuwa ƙasa, kuma daɓen da ya sha shi ba zai ƙara karɓar magani ba. Haka nan ruwan batir, cin siminti yake yi. Ruwa da sabulu da tsintsiya sun isa.

Ranar shafawa a janye yara daga wurin, kada a hura wuta kusa, domin wasu nau'o'in suna kamawa. Galan ɗin da ya ƙare kada a ɗauka a zuba ruwan sha ko man girki a ciki, a mayar mana da shi. Cikin tankin ruwan sha kuwa, kada kowa ya shafa komai da kansa.

Maganin nan ba ya ɗinke tsaga. Idan kun ga murfin shadda ya tsage, ko rodi ya fito, ko yana motsi idan an taka, a daina shiga nan take, a tare ƙofar da itace, a sanar da kwamitin tsafta na unguwarku ko wani ma'aikacinmu a ranar.