Ɗalibin Noma a Gonar Citta

Malam manomi, idan malamin gona ya zo maka da ɗalibai a farkon damina, kada ka ɗauke su 'yan kallo. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, a Kafanchan ta ajiye tsangayar aikin gona, wato a ƙasar citta. Digirin noma shekara 5 ne, kuma ta 4 a gona ake yin ta.

Ka damƙa wa ɗalibi Tafin Giwa da Yatsun Biri ya bambance su da hannunsa. Bar shi ya gutsuttsura iri, ya shuka a Afrilu ko Mayu, ya lulluɓe da ciyawa. In ya yi sakaci da lulluɓin, rana ce za ta hore shi.

Kai kuwa malamin gona, ka tuna cutar da ta ruɓar da citta a Kachia, Jaba da Kagarko a 2023, har iri ya yi wuya. Duk gonar da ganyenta ya soma rawaya, kai ɗalibai can. Su tono saiwar, su dubi ruɓar, su tambayi mai gona inda ya sayo iri, sa'annan su rubuta wuraren da ruwa ke kwanciya.