Titunan Gombe da makomar kunkuru

Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, birnin Gombe yake ta cin dajin da ke kewaye da shi. Shirin gwamnatin jihar na shimfiɗa titi mai tsawon kilomita 100 a kowace daga ƙananan hukumomi 11 ya kai kwalta ƙauyukan da a da sai babur ke shiga. Manomi ya ji daɗi, mai naƙuda ta isa asibiti. Kunkuru kuwa ba ya cikin lissafi.

Ƙaton kunkurun Sahel, wanda ake kiwo a tsakar gidajen Arewa, shi ne na uku a girma a duniya, kuma Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A rami mai zurfi yake yin rani, sai ruwan farko ya fito kiwo. Katafilar da ke share hanya da rani takan danne ramin da mai shi a ciki. Wanda ya tsira, idan ya faɗa magudanar siminti mai miƙaƙƙen bango, ba ya fita. Sabon titi kuma yana kawo 'yan kamu, domin kunkuru kuɗi ne a kasuwa.

Abin da ya sa asarar ta yi nauyi shi ne jinkirin haihuwa. Mace takan haura shekara 10 kafin ta fara ƙwai, mafi yawan 'ya'yan kuma ba sa kai labari. Tifa ɗaya da ta take uwa ta shafe aikin shekaru.

Amurka ta ga irin wannan a hamadar Mojabe, inda aka ayyana kunkurunta cikin haɗari a 1990. Masu bincike sun tarar ya yi ƙaranci a gefen manyan hanyoyi har nisan ɗaruruwan mitoci. Maganin bai da tsada: gajeren shingen waya da ke kora shi zuwa kwalbati, ya tsallaka ta ƙarƙashi.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta nazari kafin a fara manyan hanyoyi, kuma a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ke Abuja ake amincewa da rahoton. A teburin jami'in da ke duba shi ne za a iya sharɗanta wa ɗan kwangila binciken ramuka kafin share daji, da yi wa magudana gangare, tun ba a ƙayyade kuɗin aiki ba.