Abin Da Jinin Saniya Ke Nunawa Game Da Cutar Bakkale

Idan ƙwayar cutar bakkale, wadda likitocin dabbobi ke kira Brucella abortus, ta shiga jikin saniya, jikin yakan ƙera wasu sinadaran kariya da ke gane ta su manne mata. Na farkonsu, IgM, yakan bayyana a jini cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai IgG ya biyo baya, shi kuma yakan daɗe. Abin takaici, ƙwayar tana ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar jiki inda sinadaran ba sa isa gare ta. Shi ya sa saniya kan yi ɓari alhali jininta cike yake da su.

Babban amfaninsu a wajen gwaji yake. Ana gauraya ɗigon ruwan jini da ruwan gwajin Rose Bengal. In ya yi gudaji-gudaji, alama ce saniyar ta gamu da ƙwayar.

Sai dai allurar rigakafin S19 tana haddasa irin waɗannan sinadarai, har a zaci lafiyayyar saniya tana ɗauke da cuta. Don haka ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna wata 3 zuwa 8, domin alamar ta dushe kafin su isa barbara. Allurar RB51 kuwa ba ta rikita wannan gwaji.