J.J. Johnson: Mabushin da ya hana ƙahon trombon yin ritaya a kiɗan jaz

A tsakiyar shekarun 1940 wani sabon salo ya ɓulla a kiɗan jaz na baƙar fatar Amurka, wanda ake kira bibof. Jagororinsa su ne Charlie Parker da Dizzy Gillespie, kuma alamarsa ita ce sauri: sautuka na bin juna kamar ruwan ƙanƙara a kan kwanon rufi. Mabusa da dama sun rungumi salon, amma masu busa trombon sai suka ga kamar an rufe musu ƙofa. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne James Louis Johnson, da aka fi sani da J.J. Johnson, kuma tsofaffin fayafayansa su ne shaidar yadda ya yi.

Trombon ƙaho ne na tagulla mai dogon bututu, kamar an lanƙwasa kakaki gida biyu. Bambancinsa da sauran ƙahonin Turawa shi ne ba shi da maɓallan da ake dannawa da yatsa. Mabushi kan tura wani sashe na bututun gaba ko ya jawo shi baya, tsawon hanyar iska ya canza, sauti ya sauka ko ya hau. Matsayi bakwai ne a jikin bututun, kuma daga na farko zuwa na bakwai hannu zai yi tafiyar kusan ƙafa biyu. Abin da mai saksofon zai yi da motsin yatsa, shi mai trombon sai ya motsa dantse. Shi ya sa a tsohon salon birnin New Orleans aka bar masa aikin gurnani da jan sauti a bayan sauran mabusa.

An haifi Johnson ranar 22 ga Janairun 1924 a birnin Indianapolis na jihar Indiana. Ya fara da fiyano, sannan ya ɗauki trombon yana da shekara 14. Daga 1942 zuwa 1945 ya yi aiki a ƙungiyar Benny Carter, inda a 1943 aka fara naɗar busarsa shi kaɗai a faifai. A 1944 yana cikin mawaƙan da suka yi wasan farko na Jazz at the Philharmonic, wanda Norman Granz ya shirya a Los Angeles. Daga nan ya shiga babbar ƙungiyar Count Basie a 1945, ya bar ta a 1946 domin ya shiga cikin 'yan bibof a New York.

Dabararsa ba ta ƙarfin dantse ba ce. Da farko ya yi watsi da jan sauti da gurnanin da aka san ƙahon da su. Na biyu, ya yi amfani da wata ɗabi'a ta trombon: sauti ɗaya ana iya samunsa a matsayi fiye da ɗaya, saboda haka sai ya riƙa zaɓen mafi kusa da inda hannunsa yake, tafiyar ta ragu. Na uku, ya horar da harshensa ya riƙa yanka iska tsaf, kowane sauti ya fito shi kaɗai. Sannan ya iya zaɓe: inda wani zai cusa sauti goma, shi sai ya sa biyar da suka fi dacewa. Da fayafayansa na 1946 na kamfanin Savoy suka fito, tare da Bud Powell a fiyano da Max Roach a ganguna, masu saurare da yawa sun ɗauka irin trombon ɗin nan mai maɓalli yake busawa. A Disambar 1947 Charlie Parker da kansa ya sa shi cikin wata naɗa ta kamfanin Dial, daga baya kuma ya yi busa a naɗe-naɗen Miles Davis na 1949 da 1950 da aka tattara da sunan Birth of the Cool.

Sai dai suna ba ya cika tukunya. Manyan ƙungiyoyin kiɗa da ke biyan albashi sun fara rugujewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan gidajen wasa kuma abin da suke biya ba ya riƙe iyali. A 1952, bayan rangadin da ya yi a sansanonin sojan Amurka a Japan da Koriya, Johnson ya karɓi aikin duba zanen injina a kamfanin Sperry, mai ƙera na'urorin jiragen sama da na ruwa. Ya yi kusan shekara biyu yana wannan aiki.

A cikin wannan tsakani ne ya fara jerin fayafayan da masana ke ɗauka a matsayin ginshiƙin aikinsa. A Yunin 1953 ya shiga ɗakin naɗa na kamfanin Blue Note tare da matashin mabushi Clifford Brown, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 25. An ƙara zama biyu a 1954 da 1955, daga baya aka haɗa su duka cikin manyan fayafayai biyu masu suna The Eminent Jay Jay Johnson.

Fasahar faifai ta taimaka masa. Tsohon faifan garmaho mai juyawa sau 78 a minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska, ga saurin fashewa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, wanda babbansa ke ɗaukar kusan minti ashirin a fuska ɗaya. Wannan ya ba mabushi sararin gina tunaninsa sannu a hankali. Zaman 1954 da na 1955 an yi su ne a falon gidan iyayen injiniyan sauti Rudy Van Gelder a Hackensack, jihar New Jersey. Har yau masu tara tsofaffin fayafayai kan duba harufan RVG da aka zana kusa da tsakiyar faifai, da adireshin titin Lexington a jikin takardarsa, domin su bambance bugun farko da na baya, kuma a kan haka farashi ke hawa ko sauka.

Abin da ya fitar da shi daga aikin masana'anta shi ne haɗin gwiwa da Kai Winding, mabushin trombon haifaffen ƙasar Denmak. Daga 1954 zuwa 1956 ƙungiyarsu mai suna Jay and Kai ta samu kasuwa sosai, duk da cewa mutane sun zaci trombon biyu a gaba ba za su yi armashi ba. Faifan da suka sake haɗuwa suka yi a 1960 shi ne na farko da kamfanin Impulse! ya fitar.

Johnson ya kuma shahara wajen tsara kiɗa. Miles Davis ya naɗi kiɗansa mai suna Lament a 1957, a 1961 kuma ya rubuta wa Gillespie dogon kiɗa mai suna Perceptions. Da kasuwar jaz ta sake ja baya, sai ya koma California a 1970, ya riƙa rubuta kiɗan finafinai, ciki har da Across 110th Street na 1972 da Cleopatra Jones na 1973. Ya dawo fagen wasa a 1987, a 1996 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambarta mafi girma ta jaz. Ya rasu a garinsu ranar 4 ga Fabrairun 2001 yana da shekara 77.

Mabusan da suka biyo bayansa, irin su Curtis Fuller da Slide Hampton, a kan turbarsa suka ɗora. Mai son jin bambancin da kunnensa zai iya saurarar kowane faifan trombon na shekarun 1920, sannan ya saurari zaman Yunin 1953. Yawancin waɗannan naɗe-naɗe an sake fitar da su, kuma ana samunsu a manhajojin sauraron kiɗa na intanet.